Ya Cire Suna, Ya Bar Gida

Dokta Ajagbe ya tona asirin mutum ɗari da arba'in da uku a gari ɗaya, kuma ba a kan rashin sani ya yi ba. An gaya masa. Ni na gaya masa da bakina a ƙofar ɗakin kati, ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana.

Dokar ɗakin kati na babban asibitin garinmu ba ta da wuyar ganewa. Duk mai son bayanan marasa lafiya don binciken jami'a, takarda uku zai kawo: wasiƙar makarantarsa, amincewar kwamitin da ke duba ko binciken zai cuci wani, da sa hannun shugaban asibiti. Ko sun cika, ba shi zai taɓa fayil ba. Mu za mu zauna mu kwafe masa abin da ya nema a takarda dabam: shekaru, mace ko namiji, irin magani, sau nawa aka zo. Ba suna, ba lambar kati, ba gida. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, har sunana ya ɓace, kowa Baba Kati yake ce mini, kuma ban taɓa ganin an karya dokar ba sai a wannan karon.

Shugabarmu Madam Adunni ce, mace mai shekara hamsin da huɗu wadda ba ta dariya kafin azahar. Ta taɓa korar matar wani babban ɗan siyasa da ta zo leƙa fayil ɗin yarinyar da ɗanta ke nema. Ko kujera ba ta ba ta ba.

Cikin mutanen da asirinsu ke kan kantocinmu akwai Sikira, wadda gari ke kira Iya Moriamo, mai sayar da amala, tuwon garin doya, a bakin tasha. Farfaɗiya gare ta. Shekara tara tana shan magani, kuma shekara tara ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Ban da mijinta da likita da ni da Madam, ba wanda ya sani. Duk Laraba ta biyu a wata takan zo da kwanon abinci a kai kamar ta kawo wa ma'aikata, ta zagayo ta tagar baya, in miƙa mata katinta a cikin tsohuwar jarida. Ba don tana jin kunyar Allah take haka ba. Mutanenmu sun yi imani yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka kamu. Jahilci ne, likitoci sun faɗa har muryarsu ta dushe, amma jahilcin nan shi ke riƙe da kuɗin amala a aljihunsa. Ranar da tasha ta ji, ranar tukunyarta za ta mutu, kuma tukunyar ce ke ciyar da 'ya'ya huɗu tun da idon mijinta ya lalace.

Wata Litinin Dokta Ajagbe ya shigo. Likita ne, malami kuma a wata jami'a a birni, ɗan garin nan, ɗan Gidan Olukosi. Bai ƙwanƙwasa ba.

"Matarmu!" in ji shi. "Har yanzu kina nan kina gadin ƙura?"

Madam Adunni ta miƙe, ta rusuna har gwiwarta ɗaya ta kusa taɓa ƙasa. Ta girme shi da shekara goma sha biyu, amma a Gidan Olukosi take aure, kuma ranar da aka kai ta amarya ta tarar da shi yana yawo da jakar makaranta. A al'adar garinmu, wanda ya riga ki shiga gida mijinki ne ko da majina yake ja. Ba za ki kira sunansa ba har ki mutu, ba kuma za ki ce masa a'a a gaban mutane ba. Sunan da ta sa masa tun lokacin Akawu.

"Akawu, sannu da zuwa. Yaushe a gari?"

"Jiya. Ga takarda. Masu farfaɗiya nake so, na shekara goma, dukkansu."

Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Saura biyu, Akawu."

"Kwamiti sai ƙarshen watan gobe zai zauna. Ni kuma talatin ga wannan watan ake rufe karɓar takardun masu neman kujerar farfesa. In na wuce bana, sai bayan shekara uku. Kina so a ce Gidan Olukosi ya rasa farfesa saboda matar gidan?"

"Doka ce, ba ni na kafa ba."

"Doka! Doya arba'in da biyu muka kai gidanku na aurenki, uku a kaina na ɗauka, har yau wuyana bai miƙe ba. Ashe doka muka auro."

Ya yi dariya, ita ma ta yi irin dariyar da ba ta wuce haƙori. Yana magana yana kaɗa makullin mota, ya zauna a gefen tebur, ya tashi, ya duba waya, ya sake zama.

"Ko in koma in gaya wa Baba Olukosi cewa kin kore ni kamar mai tallan maganin ɓera? Lahadi akwai taron gida."

Na ga tana murza zoben hannunta.

"Ba fayil ɗin da zai fita daga ginin nan," in ji ta a ƙarshe. "A ƙuryar ɗaki za ka zauna. Kuma ba suna, Akawu. Ka rantse."

"Na rantse da kan Baba. Me zan yi da sunansu, zaɓe zan tsaya?"

Da ya fita na ce mata, "Madam, wannan ba daidai ba ne."

"Baba Kati, kai namiji ne, ba ka san zaman gidan miji ba. In na hana shi, Lahadi a gaban yaran da na goya za a durƙusar da ni. Kwana uku ne. Ka ɗauko masa."

Na ɗauko. Da hannuna na zaro su ɗaya bayan ɗaya. Na Sikira na tura shi bayan kanta, na ce ko Allah zai sa ya wuce. Bai wuce ba. Ya riga ya karɓo littafin rajistar ranar Laraba, ranar masu farfaɗiya, daga wurin nas, yana bi yana soke lamba.

"Baba, ɗari da arba'in da biyu ne nan. Ina ɗayan?"

"Wataƙila yana wurin likita."

"Nemo shi. Ba na son giɓi."

Na nemo shi. Wannan laifina ne, ba na kuma neman wanda zai ɗauke mini.

Kwana uku yana ƙurya da kwamfutarsa, yana buɗe fayil yana bugawa, yana tsaki, yana aika a sayo masa ruwan sanyi. Ni ko na kasa zama. In na je kanta in dawo ban san abin da na je ɗauka ba. A rana ta uku na shiga kwashe waɗanda ya gama, idona ya faɗa kan abin da yake rubutawa. Gaskiya ne ba suna. Amma layi na farko gida ne, na biyu mace ko namiji, na uku shekaru, na huɗu sana'a.

"Dokta, ka bar gida."

"Na cire suna."

"A garin nan gida ya fi suna. Raimi nawa ne a gari? Sun fi ɗari. Amma maƙeri mai shekara sittin nawa ne a Gidan Agbede? Yaron goye ma zai nuna maka shi."

"So nake in nuna cutar tana bin jini. In ba gida, ba bincike."

"To ka sa wa gidajen lamba, ka ɓoye sunansu."

Ya rufe kwamfutar, ya biyo ni har ƙofa, ya dube ni tun daga silifa har hula.

"Baba, aji nawa ka yi a makaranta?"

"Huɗu."

"Madalla. To wannan takarda farfesoshi ne za su karanta a ƙasar waje, ba direbobin tasha ba. Je ka goge kantarka."

Na kai wa Madam maganar. Ta kira shi a waya sau biyu da yamma, ya ce yana tuƙi. Washegari ya koma birni.

Mako biyu na yi kamar mai ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Larabar Sikira ta zo, ta ƙwanƙwasa tagar baya kamar kullum.

"Baba Kati, ka rame. Matarka ta yi yaji ne, ko ka koma cin amalar Iya Sade mai kama da siminti?"

"Lafiya lau, Iya Moriamo."

"To ɗago ka dube ni mana. Yau na sa maka ganda biyu, kada ka gaya wa Madam."

Na miƙa mata katin ban ɗago ba. Na so in faɗa mata. Na ce a raina, in na faɗa me za ta yi, ban da ta kwana ba barci a kan takardar da wataƙila ba za ta taɓa baro birni ba? Haka mai tsoro yake yi wa kansa huɗuba.

Asabar ɗin ƙarshen wata ce Ranar Gari, ranar da 'yan garin da ke waje suke dawowa a yi taro a ɗakin taro, a ci a sha, a naɗa wa wasu sarauta. A bana Dokta Ajagbe na cikin waɗanda za a naɗa, kuma shi aka ba jawabin lafiya. Wannan ban sani ba sai safiyar Alhamis, da na biyo ta tasha zan tafi aiki na ga taro a gaban shagon Mufu mai buga fosta.

Fostar leda ce, faɗinta ya kai gefen babbar mota, an ɗaure ta a ƙarfen benen shagon tana fuskantar tasha. A sama hoton Dokta ne da rigar jami'a. A ƙasa an rubuta FARFAƊIYA A GARINMU da jan fenti, sannan layi-layi har ƙasa, yadda na gan su a kwamfutarsa. Wani kwandasta ya hau kan taya yana karantawa da ƙarfi, mutane suna amsawa kamar ana kacici-kacici.

"Gidan Onilu, namiji, talatin da uku, ɗan acaba!"

"Kai! Lamidi!"

"Lamidin da ya kai matata kasuwa jiya? Allah ya kiyaye gaba!"

"Gidan Agbede, namiji, sittin, maƙeri!"

"Wannan ko makaho ya san shi. Wuce, wuce!"

Wata tsohuwa tana cewa a karanta mata Gidan Akesan a hankali, saboda jikanta zai auri 'yar gidan bayan sallah. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Na kutsa ina ture mutane, ban kai ba kwandastan ya karanto.

"Gidan Alaro, mace, arba'in da ɗaya, sayar da abinci!"

Wannan karon ba wanda ya amsa. Kawuna kawai suka juya zuwa tsallaken titi. Sikira tana can ta duƙa kan tukunya tana tuƙa amala, mutum bakwai a kan benci. Wani direba da ke tsaye da kwano a hannu, loma a bakinsa, ya juya ya tofar a kwata.

Na cafki Mufu. "Sauke abin nan!"

"Baba Kati, a kan me? Dokta ya ce in rataye ta tun yau, wai wayar da kan jama'a ne. Ai ba sunan kowa."

"Ba ka ji ana kiran sunayen ba? Kurma ne kai?"

"Ni aiki aka ba ni. In ya kira ni ya ce sauke, in sauke."

Na yi tsalle na kama gefen ledar, ta fi ƙarfina, igiyar na sama. Na bar ta na ruga asibiti. Madam tana jin maganar ta ɗauki mayafi ba ta ko kulle aljihun tebur ba. Muka hau acaba biyu sai Gidan Olukosi.

Mun tarar da shi a tsakar gida, tela yana gwada masa hular sarauta, dattawan gidan suna zaune a kan tabarmi, babbansu Baba Olukosi a kujerar kwance. Madam ta durƙusa ta gai da su da sauri, ta miƙe.

"Akawu, ka kira Mufu ya sauke fostar nan yanzu."

"Matarmu ta zo taya ni murna! Dubi hular, ta zauna?"

"Ana karanta ta a tasha. Ana kiran mutane ɗaya-ɗaya."

"To ai an fara wayewa ke nan. Da wannan fostar zan roƙar wa garin nan sashen masu farfaɗiya daga gwamnati. Wata rana gode mini za su yi."

"Ka rantse mini."

"Na rantse ba suna. Nuna mini suna ɗaya a ciki in cinye hular nan."

Wasu suka yi dariya. Madam ba ta ƙara rusunawa ba. Ta matsa har gabansa.

"Ajagbe," in ji ta, "ƙarya kake yi, kuma ka san ƙarya kake yi."

Tela ya saki allura. Wata mata da ke daka a gefe ta tsaya da taɓarya a sama. Baba Olukosi ya ɗago daga kujera.

"Matar gida, me kika ce?"

"Na ce Ajagbe, Baba. Shekara talatin ina ce masa Akawu, ya shiga ofishina da wannan Akawun ya kwashe asirin mutane ya shanya a tasha. A cikin fostar akwai Gidan Olukosi, layi biyu. In kuna so a karanto muku, kwandasta na can yana yi kyauta."

Wannan ne ya sauke fostar, ba tausayi ba. Baba Olukosi ya ce a ba shi waya, ya yi wa Mufu tsawa da kansa. Kafin azahar an naɗe ta. Amma magana zarar bunu ce. Hoton ya riga ya shiga kowace waya a gari, har 'yan garin da ke Abidjan sun gani sun bugo suna tambaya.

Juma'a Sikira ta dafa kamar kullum. Asabar ta dafa. Lahadi ta rage tukunya. Benci ba kowa, sai ƙudaje da baƙin fasinja ɗaya-ɗaya, su ma kafin su zauna wani zai ja hannunsu ya yi musu raɗa. Direbobin da suka shekara goma suna ce mata Iya, suna cin ganda kyauta, suka koma wurin Iya Sade suna gaishe ta daga nesa.

Litinin ni da Madam muka je muka zauna a bencin a tsakiyar rana, inda kowa zai gani. Wani ɗan kamasho ya yi ihu daga tsallake, "Baba Kati, in ka faɗi ba mai ɗaukar ka!" Na ce masa ubansa ma da ya faɗi a kwata ranar sallah ba farfaɗiya ce ta kayar da shi ba. Aka yi dariya, amma ba wanda ya tsallako.

Sikira ta zuba mana. Ta zauna a kan turmi tana kallon titi.

"Baba Kati."

"Na'am."

"Shekara tara kana naɗe mini kati a jarida. Hannun wa ya ɗauko masa fayil ɗina?"

"Nawa."

"Ni na sa shi," in ji Madam.

Ba ta dubi ko ɗayanmu ba. Ta ɗauki ludayi ta ƙara mana miya.

"Ku ci da yawa," in ji ta. "Ba wanda zan ajiye wa."

Kwana huɗu bayan haka shugaban tasha ya aiko mata cewa fasinja suna ƙorafi, ta ɗan huta tukuna. Aka ba wata wurin.

Laraba ta zo, ranar masu farfaɗiya. Mukan fitar da kati arba'in. Goma sha ɗaya suka zo, su ma a rufe da fuska. Sauran sun gwammace su zauna ba magani da a gan su a layin. A cikin wata guda aka kawo mana biyu da ƙuna, ɗaya da karyayyen haƙarƙari. Madam ta zauna ta rubuta rahoto shafi huɗu, ta fara da sunanta da abin da ta yi, ta kai wa shugaban asibiti. Shi kuma ya aika wa jami'ar. Daga Gidan Olukosi an aiko ta zo ta durƙusa ta nemi gafarar sunan da ta kira, ta ce musu tana da aiki.

Bayan mako shida jami'a ta turo mutum uku su bincika, aka ba su ɗakin taron asibiti na kwana biyu. Dokta Ajagbe ya zo da kwat da murmushi. Ya amsa cewa ya yi gaggawa a kan takardar kwamiti, ya ba da haƙuri, ya ce wannan laifin takarda ne. Amma cutarwa, wa aka cutar? Ba suna a fostar. Wa ya kawo ƙara? Matar gidansu ce da suka sami saɓani na cikin gida, sai wani dattijo mai goge kanta.

Shugabar masu binciken, wata farfesa mai furfura, ta kira mu gefe da yamma.

"Na yarda da ku," in ji ta. "Amma in ba marar lafiya ko ɗaya da zai tsaya ya ce ni ne wannan layin, kuma ga abin da ya same ni, abin da zan iya rubutawa gargaɗi ne kawai. Gobe ƙarfe biyu za mu rufe."

Muka koma ɗakin kati. Sunayen duk suna kan kanta, mutum ɗari da arba'in da uku, da gidajensu. Na ce in bi su gida-gida. Madam ta ce a'a: ma'aikacin ɗakin kati ya tsaya a ƙofar gidan mutum, ai ya ƙarasa abin da fostar ta fara. Ta yi gaskiya. Kuma wa zai yarda? Har yanzu kowannensu yana iya cewa ba shi ba ne, wani ne a gidan. Wanda ya tsaya gaban kwamiti ya rufe wa kansa wannan ƙofar har abada.

Washegari na kasa yin komai. Na jera kati, na wargaza, na sake jerawa. Na leƙa baranda ya fi sau ashirin. Ƙarfe goma sha biyu Dokta ya wuce ta ƙofarmu yana waya, yana cewa a ajiye masa kifi, ba zai daɗe ba. Ƙarfe ɗaya Madam ta fara kwashe kayanta daga tebur.

Ɗaya da rabi Sikira ta shigo ta babbar ƙofa, ta ratsa layin masu jiran likita, da ankon biki a jikinta da ɗaurin kai mai tsayi. Labarin zuwan masu binciken ya kai mata ta bakin mai kawo mata gawayi.

"Baba Kati, ina masu tambayar?"

"Iya Moriamo, kin san in kika shiga za a rubuta."

"Me ya rage da ba a rubuta ba? Kai ni."

Na kai ta. Ta ƙi zama. Farfesar ta ce za a iya ɓoye sunanta a rahoton, a sa harafi kawai.

"A'a, uwata. Shi ya cire suna ya bar gida. Ke ki sa duka. Sikiratu, Gidan Alaro, shekara arba'in da ɗaya. Sana'a kuwa ki bar wurin ba komai, ya riga ya cinye ta."

Ta juya wurin Dokta.

"Ka gane ni, ɗan Olukosi? Kana makarantar sakandare uwata ke zuba maka amala a tashar nan, ni ke wanke kwanon. Ka san mace nawa ke sayar da abinci a Gidan Alaro?"

Ya ce shi yanzu ba mazaunin gari ba ne.

"Ban tambaye ka inda kake kwana ba. Nawa ne?"

Farfesar ta ajiye biro. "Dokta, amsa mata."

"Ɗaya," in ji shi.

Ta faɗi sauran a tsaye: shekara tara na magani, bencin da ya bushe, saƙon shugaban tasha, ɗiyarta Moriamo da 'yan ajinsu suka daina shan ruwa a kofi ɗaya da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta dangwala yatsa a ƙasan takardar, ta goge a gefen zani, ta ce mini in fito mata da katinta tun da ta zo, maganinta ya ƙare. Tana fita, Lamidi ɗan acaba da ya kawo ta, wanda shi ma fasinja suka guje shi, ya ce in dai Iya ta shiga shi ma zai shiga. Masu binciken ba su rufe ba sai ƙarfe biyar.

Sikira ba ta sami wurinta na tasha ba. Yanzu gawayi take sayarwa a ƙofar gida, abin da ba a sa wa a baki, kuma abin da yake kawowa bai kai rabin na tukunya ba. An cire Moriamo daga makarantar kuɗin da take an mai da ita ta gwamnati. Masu zuwa ranar Laraba sun koma ashirin da ɗoriya, har yau ba su cika ba. Madam Adunni an rage mata mataki ɗaya an mai da ita sito. Ni an ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancance ta.

Dokta Ajagbe kuwa, jami'a ta soke binciken, ta cire sunansa daga masu neman kujerar farfesa, ta kore shi daga aiki a watan Maris. Hukumar likitoci ta dakatar da shi shekara biyu. Gari ya karɓe sarautar.